Macijin Kusugu Ba Amsar Hadda Ba Ne

Ka tambayi ɗaliban adabi a Daura me macijin rijiyar Kusugu yake nufi a labarin Bayajidda, da yawansu za su ce maka "tsohon addini". Ka nemi hujja, sai aji ya yi tsit. Laifin na koyarwa ne, domin an miƙa musu ma'anar alama su haddace, ba a nuna musu yadda ake tono ta daga cikin labari ba.

Tambaya uku ta isa a gane alama: me abin yake hanawa, wa yake hana wa, me ya sauya bayan ya gushe? Sunan macijin nan Sarki, kuma ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ke nan sarauniya Daurama na kan gadon sarauta, amma ruwan da gari ke rayuwa da shi yana hannun wani. Masu iko biyu ne a gari ɗaya. Da aka sare kansa ruwa ya samu kullum, sarauta kuma ta tashi daga mata ta koma hannun maza. Wannan fassara tana da madogara a labarin. Mai son ta addini ma yana da hanya, amma sai ya yi mana bayanin abin da ya kawo Juma'a cikin zancen.

Wajen taurarin labarin kuwa, in an zo kan Bayajidda, ɗalibi kan rubuta "jarumi ne" ya ajiye alƙalami. A bi ayyukansa mana. Ya bar matarsa a Garun Gabas, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin da dare, ya ɓoye kan ya yi shiru har masu da'awar ƙarya suka gama kunyata kansu. Da aka yi masa tayin rabin gari sai ya ce aure yake so. Wannan mutum ne mai lissafi.

An fi tauye Daurama a nazari, abin da ke damuna ke nan. Ita ta ba Bayajidda ƙwarƙwara Bagwariya, wadda ta sa wa ɗanta Karɓagari, Daurama kuma ta mayar da martani da sa wa nata ɗan suna Bawo, wato a dawo da shi. Rikicin gadon sarauta duka yana cikin sunayen nan biyu.

Tunda labarin baka ne, ruwayoyi sun sha bamban, musamman kan takalmin da Bayajidda ya bari a bakin rijiya. Dole ɗalibi ya faɗi ruwayar da ya ɗauka kafin ya ɗora mata fassara.