Ku fitar da yaran nan su ga gawo da idonsu

Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Yaro ya haddace "kwararowar hamada" har ya ci jarrabawa, amma ka tsayar da shi gaban gawo da bagaruwa ba zai bambance su ba.

A watan Maris na kwashi ɗalibaina muka je gonar wani dattijo a bayan gari. Rana ta take, kuka ta kaɗe ganye tas, ga gawo kore shar. Dattijon ya ce, "Malam, tambaye su dalili." Tsit kake ji. Sai ya zaunar da su ya warware musu: gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani dabbobi su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa.

Daga nan ya kai mu wajen wani kututturen sabara da ya yi toho. Ya zaɓi rassa uku masu ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa. Ya ce saiwar tana nan da ranta a ƙasa, hannu kawai take jira. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983. Da shi manoman Nijar suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, akasari a Maraɗi da Damagaram. Maƙwabtanmu ne fa, harshenmu ɗaya, amma yaranmu ba su taɓa jin labarin ba.

Mu kuwa duk shekara sai bikin dashe: a tona rami, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa aikin. Ba na kushe dashe, amma wa zai yi ban ruwa har damina ta dawo?

Shugabannin makarantu, don Allah ko sau ɗaya a zango ku bari a fita. Ba sai an yi hayar mota zuwa dajin Falgore ba, mu da ƙafa muka je. Bayan mako guda wata ɗaliba ta zo ta ce min ta roƙi babanta kada ya ƙone kututturan kalgon gonarsu, kuma ya bar mata biyu ta kula da su.