Golf Ɗina Mai Tari

Sai da na sayar da raguna biyu da tsohon firij kafin a gama yi wa Golf VR6 ɗina aiki: sabon ringi, sabon gasket, har karansha, babban ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji, aka kai aka goge. Inji ne mai silinda shida, lita 2.8, wanda na sha cika baki a majalisa cewa zai kai ni Daura kafin shayi ya huce.

Ranar da na karɓo ta, ban kai Ƙofar Ƙaura ba ta fara kakkarwa kamar mai zazzaɓin damina. Na ƙara mata wuta, salansa ya ce tau! Mai ƙosai ta bar kasko ta ruga. Wani ɗan acaɓa da buhun masara a baya ya wuce ni, har da waiwayowa ya yi mini sannu.

A majalisa kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce man 'yan bumburutu ne, wancan ya ce nozul ya toshe, Kawu kuwa ya rantse baki ne, a nemo rubutu. Shi ko bakaniken cewa ya yi, "Sabon aiki ne Alhaji, sai ta saba." Filogi na canja, famfon mai na canja, tari bai tafi ba.

Sai aka haɗa ni da wani tsohon bakanike wanda ko gaisuwa ba ya ja. Hayaƙi ya fara dubawa: ba shuɗi ba ne, ke nan ba ta shan baƙin mai, ba fari ba ne, ruwa bai shiga silinda ba. Ya auna matsin silindojin, duk shidan kusan kai ɗaya, ringi ya fita zargi. Da ya kwance filogi, biyu suka fito sharkaf da fetur.

"Yaro, huɗu ke ɗauke da kai. Biyun nan ci suke ba aiki."

Ya bi wayoyin filogin da yatsa yana ƙirga 1-5-3-6-2-4, jerin da wuta ke bi a silindojin. Ashe wayar ta uku tana kan ta biyar, ta biyar tana kan ta uku. Ya musanya su, inji ya yi luf. Ya karɓi kuɗinsa cas, ya kuma hana ni gudu sai na yi kilomita 1,000.

Na koma garejin farko a fusace, aka kira yaron da ya ɗaura wayoyin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Alhaji, gani na yi a haka sun hi kyau, ba su harɗe ba."

Ogansa ya saurari injin, ya gyaɗa kai. "Ka ji ko? Ai na ce maka za ta saba."