Ninke takarda ba wasan banza ba ne

A makon jiya makarantar da 'yata ke zuwa ta soke darasin aikin hannu na ranar Alhamis. Malamar ajin ta shafe zango guda tana koya wa yara origami, fasahar ninke takarda ta mutanen Japan, sai wasu iyaye suka yi ca a zauren WhatsApp wai ba su biya kuɗin makaranta don a mayar musu da 'ya'ya Japanawa ba. Hukumar makarantar ba ta son ɓacin ran mai biyan kuɗi, nan take ta cike gurbin da ƙarin hadda. Abin nan ya ci mini rai ƙwarai.

Na ga amfanin darasin da idona. Yarinya 'yar shekara takwas ta baje takarda a kan tabarma, ta haɗa kusurwa da kusurwa, ta murza da farce har layin ya fito. Fiffiken gaurakar da take haɗawa ya karkace, ta warware ta sake, har sau huɗu, ba kuka ba jifa da takarda. A ranar ta gane da yatsunta cewa rabin rabi shi ne rubu'i, abin da allo ya kasa cusa mata. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne ya tambayi labarin Koryo Miura, masanin sararin samaniya ɗan Japan. Salon ninki da ya ƙirƙiro aka bi wajen naɗe faifan tara hasken rana na wani tauraron ɗan'adam da Japan ta harba a 1995.

Gaurakar ma tana da tarihi. Sadako Sasaki tana da shekara biyu aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945. Sankarar jini ta kama ta, ta yi jinya tana ninke gauraki na takarda, ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Har gobe yara daga ƙasashe daban-daban na aika gauraki zuwa gurbin tunawa da ita a birnin. Wace hanya ce ta fi wannan sauƙin nuna wa yaro sharrin yaƙi? Masu cewa akwai camfi a ciki, ai ba wanda ya ce yaro ya gaskata zancen Japanawa cewa ninke gauraka dubu na takarda na biyan buƙata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, iyayen nan su ne ke miƙa wa yaro waya ya wuni yana kallon zanen barkwanci na Japan ɗin nan dai, ba sa cewa uffan. Su ne kuma suka cika Facebook da yabo a 2022, da magoya bayan Japan suka tsaya tsintar shara a filayen wasan Katar. Wannan ɗabi'a daga aji ta faro, domin a makarantun Japan ɗalibai ne ke share ajinsu da goge dandamali da hannunsu. Muna son 'ya'yan itacen, muna sare bishiyar.

Kuma wa ya ce sanin al'adar wani na raba yaro da tasa? A Arimatsu, wata unguwa a birnin Nagoya na Japan, sun fi shekara 400 suna ɗaure yadi da zare suna tsoma shi a ruwan baba, suna kiran aikin shibori. Duk yaron da ya ga wannan zai tuna marinar Ƙofar Mata a Kano, inda karofi da yawa suka bushe saboda rashin magada. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta gwangwani, yau 'ya'yanmu ba su iya riƙe almakashi ba.

A dawo da darasin Alhamis. In takardar Japan ce ke damun iyaye, a kai yaran Ƙofar Mata mako ɗaya, a dawo kan gauraka mako na gaba.