Ba Addini Kaɗai Ya Kai Turawan Ingila Amurka Ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa yankuna 13 da Ingila ta mallaka a Amurka duk masu gudun takurar addini ne suka kafa su. Ba haka ba ne.

Garin Jamestown da ke yankin Bajiniya, a 1607, wani kamfanin 'yan kasuwan Landan ne ya tura mutanenta neman zinariya. Ba su samu ba, yunwa da gurɓataccen ruwa suka kashe yawancinsu, noman taba ne ya cece su. Taba kuwa tana tsotse ƙasa cikin 'yan shekaru, ga buƙatar hannu da yawa. Shi ya sa aka yi ta ƙwace filayen 'yan asalin ƙasar, daga baya aka ɗora aikin kan bayin Afirka. A yankin Karolina ta Kudu shinkafa aka noma, kuma tun farkon ƙarni na 18 baƙar fata sun fi Turawa yawa.

Waɗanda addini ya koro sun fi sauka arewa: garin Plymouth a 1620, garin Boston a 1630. Ƙasa ce mai duwatsu da dogon sanyi, sai suka haɗa ƙaramin noma da kamun kifi da ƙera jiragen ruwa. Su ma hannunsu dumu-dumu a cinikin bayi, musamman 'yan kasuwan yankin Rhode Island. Yankin Pensilbeniya da ke tsakiya kuwa noman alkama ya riƙe.