Rahoton Kanar da muryar tsohuwa: yadda Assia Djebar ta rubuta tarihin Aljeriya

A watan Yunin 1845, sojojin Faransa ƙarƙashin Kanar Pélissier suka jibge itace a bakin kogwannin dutse na yankin Dahra, a yammacin Aljeriya, suka cinna wuta. Mutanen ƙabilar Ouled Riah ne a ciki, maza da mata da yara, har da shanunsu da tumakinsu. Wutar ta kwana tana ci, hayaƙi yana turnuƙawa ciki. Da aka shiga bayan ta lafa, ɗaruruwan gawawwaki aka tarar. Pélissier ya zauna ya rubuta wa shugabansa Bugeaud rahoto dalla-dalla, labarin ya isa Paris, aka yi ta cece-kuce a majalisa. Bayan wata biyu wani hafsan, Saint-Arnaud, ya toshe wasu mutanen a cikin kogo, amma shi ya ɗauki darasi: bai bar kowa ya shiga ba, bai kuma bari maganar ta fita fili ba.

Bayan shekara 140, a 1985, marubuciyar Aljeriya Assia Djebar ta ɗauko wannan rahoton ta sa shi a tsakiyar littafinta mai suna L'Amour, la fantasia, har ta yi abin da yake tayar wa mai karatu hankali: ta nuna kamar tana bin Pélissier da godiya, don da bai rubuta ba, da ba ta da inda za ta kama gawawwakin kakanninta. Masu sukar irin wannan rubutu na mata sukan ce wahalar da mai karatu ne kawai: littafi ba farko ba ƙarshe, babi ɗaya tarihi, na biye da shi labarin ƙuruciyar marubuciya, na uku muryar wata tsohuwar ƙauye. Ra'ayina shi ne sun yi kuskure. Idan wanda ya yi kisan ne kaɗai ya bar takarda, waɗanda aka kashe kuma ba su bar komai ba sai abin da jikokinsu mata suke faɗa wa juna a tsakar gida, to duk littafin da ya zo sumul, a jere, da murya ɗaya, ya ɓoye wani abu. Tsinkewar da ake gani a shafi ita ce ainihin halin da shaidar take ciki.

Djebar ba da ka ta shiga wannan aiki ba. An haife ta a Cherchell a 1936, sunanta na yanka Fatima-Zohra Imalayène, mahaifinta malamin Faransanci ne. Tarihi ta karanta, ta kuma koyar da shi a jami'o'in Rabat da Aljiyas. Littafinta na farko ya fito a 1957, yaƙin neman 'yanci na tsaka da ci, kuma 'yan kishin ƙasa sun zarge ta da rubuta labarin zuciyar budurwa alhali ƙasa tana ƙonewa. Bayan littafinta na huɗu a 1967 ta shafe sama da shekara goma ba ta fitar da ƙagaggen labari ba. A wannan tsakanin ne ta koma duwatsun Chenoua, yankin dangin mahaifiyarta, tana naɗar hirar matan da suka ga yaƙin 1954 zuwa 1962 da idonsu. Daga nan fim ɗinta na farko ya fito, wanda ya sami kyautar masu sharhin fina-finai a Venice a 1979, kuma daga nan salon ya samo asali.

Ga yadda aikin yake tafiya idan aka kwance shi. Da farko tana ƙidaya shaidu. Game da kama birnin Aljiyas a Yulin 1830, ta lissafa bayanai 37 da aka buga, uku kacal daga ɓangaren waɗanda aka yi wa ƙawanya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sauya yadda mai karatu zai saurari sauran. Sannan ba ta karɓar magana sai ta faɗi wanda ya yi ta da inda yake tsaye: wannan hafsan jirgin ruwa ne yana hangen birnin daga teku, wancan yana rubuta wa iyalinsa wasiƙa ne, wani kuma yana neman ƙarin girma. Bayan haka sai ta bar tsakiyar takardar ta koma gefenta, inda marubucin ya ambaci mace a jimla ɗaya ya wuce. A cikin bayanin wani hafsa kan faɗan Staouéli, kusa da Aljiyas, a 1830, ta tsinci mata biyu: ɗaya ta mutu riƙe da zuciyar sojan Faransa da ta ciro, ɗaya kuma ta fasa kan jaririnta da dutse don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Hafsan ya kawo su ne don nuna dabbancin mutanen ƙasar. Ita kuwa ta tsaya a kansu, ta ƙi wucewa.

Matakin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma masu kwaikwayon salon suka fi faɗuwa a kansa, shi ne nuna iyaka. Inda takarda ta ƙare, tunanin marubuciya ya fara, Djebar tana sa alama: tana fitowa da bakinta ta ce yanzu ita ce take ƙiyastawa, ko ta juya maganar ta zama tambaya. Wanda ya cire wannan alama ya narkar da shaida da ƙirƙira wuri guda, ya ba masu musun kisan makami, domin da zarar sun kama ƙarya ɗaya sai su yi watsi da gaskiya goma. Wanda kuma ya ji tsoron ƙiyasi gaba ɗaya, ya tsaya kan abin da takarda ta ce, ya koma magatakardan Pélissier ba tare da ya sani ba.

Kashi na uku na littafin shi ne na muryoyin da aka binne. Nan matan ƙauye suke magana da bakinsu: yarinyar da ta ga an harbe ɗan'uwanta ta kwana da tunanin gawarsa a daji, tsohuwar da sojoji suka ƙona wa gida sau da yawa saboda tana ciyar da mayaƙa. Da Larabcin gida suka yi maganar, Djebar ta mayar da ita Faransanci, amma ta ƙi goge ta. Ta bar gajerun jimloli, da maimaici, da rantsuwa, da yadda suke kiran mayaƙan 'yan'uwa, suke kuma kiran sojojin da sunan Faransa kamar mutum guda ne ya shigo gari. Ta bar shirunsu ma. Ba su furta kalmar fyaɗe. Sukan kewaya da kalmar da ke nufin ɓarna ko lahani, ko su yi shiru. Mai bincike marar haƙuri zai matsa sai an faɗa, ko ya cike gurbin da kansa. Ita ta rubuta kewayawar yadda take, domin kunyar da ta hana furtawar tana cikin abin da yaƙin ya yi musu.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Abin da aka fi sani game da rushe garin Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906 daga rahotannin jami'an Ingila ya fito, kuma matan da aka kwashe daga garin ba su bar takarda ba. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta naɗa daga bakinta da Hausa, da Ingilishi ya fara fitowa a 1954. Tambayar da ta dami Djebar ke nan: idan muryar tsohuwa ta ratsa ta hannun mai ilimin boko da harshen mai mulki kafin ta isa shafi, muryar wa aka ji?

A nan ne nake ganin masu sukarta suna da hujja ta gaske, kuma ba ta gudu daga gare ta ba. Yawancin matan da ta naɗi muryarsu ba za su iya karanta littafin ba. Faransancinta mai nauyi ne, cike da kalmomin kiɗa da na zane, har kashi na ukun ma ta tsara shi ne kamar waƙar kiɗa mai rassa biyar. Ita da kanta ta kwatanta Faransanci da kishiyar uwa: harshen da mahaifinta ya riƙe hannunta ya kai ta makarantarsa, ya kuɓutar da ita daga kulle, shi ne kuma harshen da aka rubuta umarnin ƙona kogo da shi. Akwai haɗari na biyu: kyawun jimla yana iya lulluɓe munin abin da ake faɗa, mai karatu ya tashi yana yaba gwaninta ya manta da hayaƙin. A wasu shafukan, a ganina, ta kusa faɗawa wannan rami. Abin da yake ceto ta shi ne komawa ga kwanan wata da sunan hafsa da adadin gawa, waɗanda ba sa barin mutum ya shagala.

Siyasar littafin ma ba a taken jam'iyya take ba. Ya fito shekara ɗaya bayan dokar iyali ta Aljeriya ta 1984, wadda tsofaffin mata mayaƙa da dama suka yi wa zanga-zanga tun tana daftari, suna ganin an mayar da su baya bayan sun ba da jininsu. Tarihin hukuma ya riga ya mayar da yaƙin labarin jarumai maza da jam'iyya ɗaya. Sanya muryar makiyayiya kusa da rahoton Kanar, a ba su daraja ɗaya, ƙalubale ne ga Paris da Aljiyas a lokaci guda. Da aka shiga kashe-kashen shekarun 1990, aka kashe abokanta, likitan ƙwaƙwalwa Mahfoud Boucebci da masanin zamantakewa M'hamed Boukhobza a 1993, da marubucin wasan kwaikwayo Abdelkader Alloula a 1994, da wannan hanyar ta rubuta su a wani littafi na daban: yadda kowanne ya mutu, wa ya gani, wa ya yi jana'iza, tare da tono kashe-kashen da 'yan gwagwarmaya suka yi wa junansu tun kafin 'yanci, waɗanda hukuma ba ta son a tuna.

Kusa da ƙarshen littafin na 1985 ta kawo mai zane Eugène Fromentin, wanda ya je Laghouat, wani gari a bakin Saharar Aljeriya, a 1853, watanni bayan sojojin Faransa sun murƙushe garin. Ya tsinci yankakken hannun wata mace a ƙasa, ya ɗauka, daga baya ya yar a hanya. Ba a san sunanta ba, kuma Djebar ba ta ƙirƙira mata suna ba. Ta ce ta karɓi hannun daga wurinsa, tana ƙoƙarin sa masa alƙalami.