Inuwar Samaru da masu sare ta

Duk wanda ya taɓa baro cunkoson Sabon Gari da Kwangila a Zariya da tsakar rana a watan Afrilu, ya bi titin Sakkwato har ya ratse cikin unguwannin ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello irin su Area A ko Area BZ, ya san cewa tun kafin ya sauka daga abin hawa jikinsa yake shaida masa ya shigo wani wuri daban. Zafin yana raguwa, ƙarar motoci tana komawa baya, maɗaci da darbejiya da mangwaro suna rufe hanya daga sama. Wannan yanayin ne ya sa mutane da yawa, ma'aikatan jami'a da waɗanda ba su da alaƙa da ita, suke neman fili a kewayen Samaru, daga Hanwa da Palladan zuwa Zango, Bomo, Basawa da Shika. Ni ma a ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni nake zaune, kuma ra'ayina shi ne, mu da muka zo saboda inuwa da natsuwa, mu ne kan gaba wajen ƙarar da su.

Ya kamata a fara tunawa cewa wannan inuwa aikin hannun mutane ce. Tun a 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, ita kuwa jami'ar an buɗe ta a 1962. Waɗanda suka tsara gidajen ma'aikata a wancan zamani sun bar fili mai faɗi tsakanin gida da gida, sun jera itatuwa a gefen hanyoyi, sun kuma ɗauki leburori suna ba su ruwa da rani har suka kama ƙasa. Darbejiya asalinta daga Indiya take, itacen turare daga Ostareliya, an kawo su ne aka dasa tare da namu na gida irin su maɗaci da tsamiya. A ƙauyukan da ke kewaye kuma, manoma sun gaji al'adar barin ɗorawa da kaɗanya da kuka a tsakiyar gona, domin kalwa da man kaɗe da miyar kuka suna cikin abincin gida. Haɗuwar waɗannan biyu, dashen hukuma da barin manomi, ita ce ta ba yankin kamanninsa. Maɗacin da mutum yake ajiye motarsa a ƙarƙashinsa yau, wanda ya dasa shi mai yiwuwa bai kai ga zama a inuwarsa ba.

Amfanin zama a irin wannan wuri ya wuce sanyin jiki. Da asuba kukan kurciya da hasbiya ake fara ji kafin ƙarar babur, yara suna samun wurin wasa da ba bakin titi ba, dattijon da ya yi ritaya yana iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar ya yi karatunsa ba tare da ƙura ta kore shi ba. A lokacin hunturu itatuwa suna tare iska da ƙura, a bazara kuma gidan da ke ƙarƙashin inuwa yana kwanuwa ko da babu wutar lantarki, abin da duk mazaunin Zariya ya san darajarsa. Ga kuma albarkar maƙwabtaka da jami'a: asibitin koyarwa yana Shika, makarantun yara suna kusa, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yana nan, kuma a sahu ɗaya na masallacin unguwa za ka tarar da farfesa da manomi da ɗalibi da mai gadi. Ko ƙananan jiragen horo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke shawagi ta wajen Palladan, ƙararsu ta zama abin da kunne ya saba da shi, ba ta hana kowa barcin rana.

Akwai masu ganin cewa ɗalibai su ne matsalar irin waɗannan unguwanni, saboda hayaniya da shige da fice na dare. Ban yarda da wannan ba, kuma wanda ya zauna a Samaru a 2022 yana da hujjar da za ta sa ya sake tunani. Daga watan Fabrairu zuwa Oktoba na wannan shekarar malaman jami'o'i suna yajin aiki, wata takwas cur, garin ya yi tsit, amma shiru ne na kasuwar da ta mutu. Masu sayar da abinci sun kife tukwane, masu shagon buga takardu sun rufe, 'yan acaba da masu adaidaita sahu suna zaune a inuwa babu fasinja, masu gidajen haya suna kallon ɗakuna a kulle. Natsuwar da ke da daɗin zama ita ce wadda ke gefen gari mai rai, kuma ran wannan gari ɗalibai ne.

Abin da ke cinye unguwannin shi ne yadda muke yanka ƙasa da yadda muke gini. Gonar gado ta faɗa hannun magada, dillalai su shigo, a yanka ta fuloti-fuloti masu faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari, wani lokaci ma a raba fulotin biyu, a bar 'yar siririyar hanya da mota biyu ba sa iya giftawa. Abu na farko da mai saye yake yi shi ne ya kira mai injin yanka itace, ɗorawar da ta shekara aru-aru tana ciyar da gida ta faɗi cikin yini guda, masu gawayi da masu itacen girki su kwashe. Daga nan sai a cika filin da gini daga katanga zuwa katanga, mafi yawa ɗakunan haya na ɗalibai masu banɗaki a ciki, ɗan abin da ya rage na tsakar gida kuma a shafe shi da siminti ko intalok. Ina fahimtar dalilin kowa a cikin wannan. Magada suna da buƙata, ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibai, ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin haya kuma yana neman abin da zai riƙe shi a tsufansa. Sai dai kowane ɗaya daga cikinmu yana gina nasa ne da zaton cewa itatuwan maƙwabci za su ci gaba da ba shi inuwa, alhali maƙwabcin ma lissafin da yake yi ke nan.

Sakamakon a bayyane yake. Ruwan saman da a da ƙasa ke shanyewa yanzu yana gudu a kan siminti, ya kwashe hanya, ya haƙa zaizaya, ya tafi da yashi da shara zuwa rafuka, ciki har da Kubanni wadda madatsar ruwan jami'a take a kanta. Idan ƙasa ba ta sha ruwa da damina ba, rijiyoyi ba za su riƙe ruwa da rani ba, sai kowane gida ya koma haƙa burtsatse, mai ƙarfi ya zarce marar ƙarfi zurfi. Ɗakin da rana ta yini tana dukan kwanonsa kuma ba ya kwanuwa sai da fanka, fanka sai da janareta, ita kuwa janareta ita ce babbar mai kashe shirun dare.

Hujja mafi ƙarfi da masu sara suke kawowa ita ce tsaro, kuma ba hujjar da za a raina ba ce. A 2020 da 2021 masu garkuwa da mutane sun kai hare-hare a gefen Zariya, har cikin gidajen ma'aikatan manyan makarantu, kuma wanda ya kwana cikin wannan fargaba ba za a zarge shi ba idan ya tsani duhun da ke bayan gidansa. Amma akwai bambanci tsakanin ƙurmi da ciyayi masu ɓoye mutum, da doguwar bishiya wadda aka sassabe rassanta na ƙasa har ana hango abin da ke bayanta. Abin da ke tsare unguwa shi ne share ciyawa, da fitilun sola a kan hanya, da 'yan sintirin da ake biya a kan lokaci, da maƙwabtan da suka san juna. Haka batun macizai da sauro yake, maganinsu tsafta da hana ruwa kwanciya. Ita ma saiwar da ke fasa katanga, da reshen da ke faɗa wa wayar lantarki, kuskuren wurin dashe ne da zaɓin iri: ba a dasa itacen turare kusa da rijiya saboda yawan shan ruwansa, ba a kuma dasa maɗaci a jikin ginshiƙin gida.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda da saninsu ake yawancin cinikin fili, suna iya sa sharaɗin cewa babbar bishiyar da take a kan iyaka ko a gefen hanya ba a taɓa ta. Hukumar KASUPDA, wadda ke amincewa da zanen gini a Jihar Kaduna, tana iya neman a nuna mata inda aka bar wa ƙasa da itace kafin ta sa hannu. Malamanmu kuma su riƙa tunatar da jama'a hadisin da ya nuna cewa duk itacen da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Mu masu gidaje, fuloti ɗaya yana ɗaukar bishiya biyu ba tare da an rasa ɗaki ko ɗaya ba, mangwaro ko gwaiba a ciki, darbejiya a ƙofar gida. A dasa a watan Yuni ko Yuli bayan ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya ko tsohon bulo saboda awaki, a kuma juri ba ta ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka har ta tsallake rani biyu na farko.