Dokar kulle magani a ofis ba ta dace da mai asma ba

Na karanta labarin makarantar firamaren nan da ta ce duk yaron da ya yi zazzaɓi ya zauna gida sai ya cika awa 24 jikinsa bai yi zafi ba, kuma kowane magani a ajiye shi a ofishin ma'aikaciyar jinya. Dokar farko kam ba ni da ja. Sai dai a fito a gaya wa iyaye cewa awa 24 ɗin ba tare da farasitamol ba ne, don wasunmu kan ɗura wa yaro magani da safe su tura shi, kafin azahar zafin ya dawo.

Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. 'Yata tana da asma, kuma in ƙirjinta ya riƙe ba a jiran a nemo mai makulli. Abin shaƙarta ya zauna a jakarta, ko a hannun malamar ajinsu, a kuma koya wa malamar yadda ake amfani da shi.

Katin rigakafi fa? Ban ga an ambace shi ba, alhali ƙwayar cutar ƙyanda kan daɗe a iskar aji har awa 2 bayan mai ita ya fita.